Gishirin Miya Da Amanar Da Ke Wuyan Maigida Da Uwargida

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam ya kyautata halittarsa, ya shimfiɗa masa ƙasa, ya fitar masa da abincinsa daga cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wani abu wanda babu gidan da ba shi, tun daga gidan sarki har zuwa bukkar makiyayi, watau gishiri, da kuma dangantakar da ke tsakaninsa da ciwon nan na hawan jini wanda ya addabi jama'armu. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan filin addini da gishirin miya, ai wannan zance ne na likitoci da matan gida. To, sai mu tuna masa cewa manyan malamai irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin ta tsare wa mutane abubuwa biyar, su ne addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Saboda haka duk abin da ke cin rai, ko da a hankali yake cinsa, ya zama wajibi a yi wa'azi a kansa. Magabatanmu na wannan ƙasa ma ba su raba ilmin addini da na lafiyar jiki ba, domin kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magunguna.

Da farko dai ya kamata mu san cewa gishiri ni'ima ce daga cikin ni'imomin Allah, kuma halal ne, babu mai ikon haramta shi. Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci ruwan gishiri tare da ruwan daɗi a cikin Suratul Furƙan, aya ta 53, da Suratu Faɗir, aya ta 12, ya sanya su cikin ayoyin ikonsa. Jikin ɗan Adam yana bukatar ɗan kaɗan daga gishiri domin jijiyoyi da tsoka su yi aikinsu. Kakanninmu sun san darajarsa ƙwarai, domin ba da sauƙi yake zuwa musu ba. Sai ayarin Azbinawa ya keta sahara da dubban raƙuma zuwa Bilma da Fashi, ya ɗauko kantu, ya gangaro da shi kasuwannin Damagaram da Katsina da Kano. Wasu kuwa na Foga suke samu, wasu mangul, wasu na Keana da Awe. Abin da aka sha wuya kafin a same shi ba a yi masa ɗibar karan mahaukaciya, shi ya sa a wancan zamani da tsinin yatsu ake barbaɗa shi. Yau kuwa gishiri ya zama abin da ya fi kome araha a kasuwa, sa'an nan ga shi ya ɓuya cikin abubuwa da yawa da muke ci ba tare da mun san yana ciki ba. Ni'imar ba ta sāke ba, hannunmu ne ya ƙara nauyi.

To, mene ne hawan jini? Zuciya tana harba jini ne cikin jijiyoyi dare da rana, jinin kuwa yana tafiya da wani ƙarfi wanda yake dannar bangon jijiyoyin. Wannan ƙarfi shi ne ake aunawa a asibiti da abin nan da ake ɗaurawa a dantse. Ma'aunin yana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Ta lafiyayyen baligi takan tsaya wajen 120 bisa 80. Idan aka auna mutum a ranaku daban-daban aka tarar tana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, to likitoci sukan ce yana da hawan jini. Mugun abin da ke cikin wannan ciwo shi ne yawanci ba ya sallama. Mutum yana cikin harkarsa, yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci, yana jin kansa garau, alhali kuwa ciwon yana nan yana yi masa ɓarna shekara da shekaru, sai ran da aka wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, ko zuciya ta gaza, ko ƙoda ta daina aiki, ko gani ya raunana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa baligi ɗaya cikin kowane uku a duniya yana da wannan ciwo, kuma masu shi sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019, sa'an nan kusan rabinsu ba su ma san suna ɗauke da shi ba.

Yadda gishiri yake shiga cikin wannan al'amari kuwa shi ne, a cikinsa akwai wani sinadari da ake kira sodiyam, wanda ɗabi'arsa ita ce riƙe ruwa. Kowa ya ga yadda gishiri yake jiƙewa da damina ko ba a zuba masa ruwa ba, kuma kowa ya san ƙishirwar da ke biyo bayan cin abinci mai gishiri. Idan mutum ya ci fiye da bukatarsa, ƙoda ce ke da aikin tace rarar ta fitar da ita cikin fitsari. Idan abin ya yi mata yawa kullum, sai jiki ya riƙe ruwa, jinin da ke cikin jijiyoyi ya ƙaru. Ku dubi salka idan an ɗura mata ruwa fiye da cikinta, yadda take ɗaurewa har ɗinkinta ya fara tsattsafo. Haka jijiyoyi suke ɗaurewa, da tafiya ta yi nisa su yi tauri, zuciya kuma ta shiga wahalar turawa. Ran da wata 'yar jijiya a cikin ƙwaƙwalwa ta fashe ko ta toshe, ran nan ne ake cewa wane ya faɗi.

Wannan magana an bincika ta an tabbatar. A shekarar 1988 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a kan mutum fiye da 10,000 a wurare 52 cikin ƙasashe 32. Aka tarar da wata ƙabila a dazuzzukan Barazil da ake kira Yanomami, waɗanda kusan ba su cin gishiri sam, kuma jininsu ba ya hawa ko da sun manyanta, alhali a wuraren da ake cin gishiri da yawa jini yana hawa tare da shekaru. A 2001 kuma likitoci a Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 412, inda aka riƙa ba su abinci mai gishiri hawa uku. Da aka rage gishirin sai jini ya sauka, kuma saukar ta fi yawa ga masu hawan jini da kuma baƙaƙen fata. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye. Har ila yau a 2021 aka bayyana wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, a kan mutum kusan 21,000. Aka ba rabinsu gishirin da aka rage wa sodiyam da kashi ɗaya cikin huɗu, aka bar rabi da irin wanda suka saba. Bayan kimanin shekara biyar, sai aka ga shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a wajen waɗanda aka sauya wa gishiri.

Saboda irin waɗannan dalilai ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau ƙasa kaɗan da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da duk abin da ya ci tun daga karin kumallo har zuwa tuwon dare. Na yara kuwa bai kai haka ba. Amma a wani rahoto na 2023 Hukumar ta ce abin da mutanen duniya ke ci, in an yi tsaka-tsaki, ya kai giram 10.8, fiye da ninki biyu ke nan, kuma tana danganta mutuwar mutum kimanin miliyan 1.89 kowace shekara da wannan wuce iyaka. Ba mu ce gishiri kaɗai ke jawo hawan jini ba. Akwai gado, da yawan shekaru, da ƙiba, da rashin motsa jiki, da shan taba, da giya wadda dā ma Allah ya haramta, da ciwon ƙoda. Sai dai mutum ba shi da iko a kan gadonsa ko shekarunsa, amma yana da iko a kan abin da ake zubawa cikin tukunyar gidansa, kuma a kan abin da yake da iko ne za a tambaye shi.

To, ina matsayin addini a nan? Allah Ta'ala a cikin Suratul A'araf, aya ta 31, ya halatta mana ci da sha, ya kuma hana mu wuce iyaka a cikinsu, ya sanar da mu cewa ba ya son masu yin haka. Da yawanmu mun ɗauka almubazzaranci shi ne zubar da abinci a bola kawai. Alhali kuwa zuba wa ciki abin da ya fi ƙarfinsa shi ma wuce iyaka ne, kuma ya fi muni, domin abin da aka zubar a bola dukiya kaɗai ya ɓata, wanda aka zuba wa jiki kuwa ya haɗa dukiya da lafiya. A Suratul Baƙara, aya ta 195, an hana mu jefa kawunanmu cikin halaka, a Suratun Nisa'i kuma, aya ta 29, an hana mu kashe kanmu. Imamu Buhari ya ruwaito cewa da Annabi (S.A.W.) ya ji labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yana wahalar da kansa da azumi kullum da tsayuwar dare duka, sai ya hana shi, ya tuna masa cewa jikinsa ma yana da hakki a kansa. To, jama'a, idan ba a yarda a cutar da jiki saboda nafilar azumi ba, yaya za a yarda a cutar da shi saboda daɗin baki?

Akwai wata magana da ke yawo a bakin jama'a, wai sunna ce a buɗe cin abinci da gishiri a rufe da shi, wai yana maganin cututtuka saba'in. Ya kamata a sani cewa malaman Hadisi sun binciki wannan ruwaya ba su inganta ta ba, har Imamu Ibnul Jauzi ya sanya ta cikin littafinsa da ya tara hadisan ƙarya. Bai halatta ba a jingina wa Manzon Allah abin da bai tabbata daga gare shi ba, balle kuma a ɗauki irin wannan magana a ba mai hawan jini ya yi aiki da ita. Bahaushe kansa idan ya ce an ƙara wa labari gishiri, ai yana nufin an wuce gaskiya ne.

Yanzu sai mu juyo ga gida, domin a nan ne maganar take. Mutum ɗaya ke zuba gishiri, amma mutum goma ke cin tuwon, a cikinsu akwai tsoho, da mai ciki, da yaro, da mai ciwon da bai san yana da shi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (S.A.W.) ya kamanta kowannenmu da makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa, ya ambaci namiji a kan iyalinsa, ya ambaci mace a gidan mijinta. Saboda haka, uwargida, ludayin da ke hannunki amana ce. Ki sani cewa dunƙulen ɗanɗanon nan da ake kira magi, wajen rabinsa ko fiye gishiri ne. Farin magi ma yana da sodiyam, haka ita ma kanwa. Idan kika zuba gishiri, kika marmasa dunƙule huɗu ko biyar, kika bi da farin magi, kika jefa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi, sa'an nan aka kawo yaji wanda shi ma an daka shi da gishiri da magi aka barbaɗa a kai, to sau biyar ke nan aka sa wa miya ɗaya gishiri. Ban da wanda ke cikin burodi, da ƙullin yajin taliyar leda da yara ke so, da kifin gwangwani, da tsire da kilishi da maigida zai shigo da su da dare.

Amma kada maza su yi murna su ce laifin mata ne, domin sau da yawa harshen maigida ne ke tura hannun uwargida. Ya zauna ya kai loma ɗaya, ya ture kwano, ya ce wannan miya salam take kamar ta marasa lafiya, wani ma har ya yi gori da girkin kishiya. Wace mace ce za ta ji wannan gobe ba ta ƙara ba? Sai girki ya zama gasa tsakanin ɗaki da ɗaki, kowace tana ƙara dunƙule don ta samu yabo, shi kuwa maigida yana ta santi, jininsa yana ta hawa. Ku saurari halin fiyayyen halitta. Abu Huraira ya ba da labari, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa Annabi (S.A.W.) bai taɓa kushe abinci ba, in ya so shi ya ci, in bai so ba ya bar shi. Da Imamu Nawawi ya zo sharhin wannan hadisi, cikin misalan kushe abinci da ya kawo har da mutum ya ce gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ashe ke nan maigidan da ya kame bakinsa daga kushe miya ya raya sunna, ya faranta wa iyalinsa, ya kuma tsare lafiyar kansa. In akwai gyara, sai a yi shi cikin shawara da lumana bayan an ɗauke kwano.

Wata al'ada kuma da ya kamata a duba ita ce ta ɗura wa mai jego kunun kanwa har kwana arba'in. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sun lura da yawan matan da ake kawowa da kumburi da gazawar zuciya bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kanwa tare da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai waɗansu dalilan kuma, kamar ƙarancin abinci mai gina jiki. Duk da haka kanwa sodiyam ce, kuma macen da ta haihu, musamman wadda jininta ya hau lokacin goyon ciki, ba ta bukatar a ƙara wa zuciyarta kaya. Iyayenmu mata da ungozomomi alheri suke nufi, amma ƙa'idar Shari'a ita ce ba a cutar da kai, ba a kuma cutar da wani, kuma al'ada ba ta rinjayar wannan ƙa'ida.

Wani zai ce, ai ciwo da mutuwa duk ƙaddara ce, wanda kwanansa bai ƙare ba ko buhun gishiri ya cinye ba abin da zai same shi. Lalle ajali yana hannun Allah, babu Musulmin da ke shakkar wannan. Amma a tuna da Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham a zamanin halifancinsa, aka tare shi a hanya da labarin annoba ta ɓarke a can. Bayan ya yi shawara da sahabbai sai ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Haka nan Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da Annabi (S.A.W.) ya umurta ya ɗaure taguwarsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Rage gishiri da zuwa awon jini ɗaure taguwa ne. Kuma idan ɗan'uwa ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, ko bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, a garzaya da shi asibiti nan take ana yi masa addu'a a hanya. Kada a zauna ana zargin maƙwabci da jifa ko kishiya da sammu, a haɗa asarar lokaci da zunubin mummunan zato.

Abin da muke kira gare shi mai sauƙi ne. A riƙa auna gishiri da cokali maimakon a ɗiba da hannu. In za a sa dunƙule a rage gishiri, kada a haɗa su duka a cika. A janye kwanon gishiri da yaji mai magi daga gaban masu cin abinci. A koma ga kayan ƙanshin da Allah ya wadata ƙasarmu da su, irin su daddawa, da albasa, da tafarnuwa, da citta, da masoro, da kimba, da kanumfari, da tsamiya, da lemon tsami. A yawaita ganye da wake da kayan marmari, kamar zogale, da alayyahu, da kabewa, da ayaba, domin suna taimakawa wajen saukar da jini, sai dai mai ciwon ƙoda ya nemi shawarar likita tukuna. A yi ragin da kaɗan-kaɗan, domin harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ya zamana abincin da aka saba ci dā shi ne zai yi wa mutum zartsi. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗan gishirin da za a yi amfani da shi kuma ya kasance mai sinadarin aidin, wanda aka wajabta sanyawa a gishirin Nijeriya tun 1993 domin rigakafin maƙoƙo. A saba wa yara tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane baligi ya je a auna jininsa ko da yana jin lafiya lau, wanda aka ɗora a kan magani kuwa kada ya bari don ya ji sauƙi, kuma kada ya sauya lokutan shansa da azumi sai da sanin likitansa.

Muna roƙon limamai da masu wa'azi da malaman makarantun Islamiyya, maza da mata, su isar da wannan saƙo, domin akwai kunnuwan da ba su jin maganar likita amma suna jin ta malam. Annabi (S.A.W.) ya gargaɗe mu, a hadisin Ibnu Abbas da ke cikin Buhari, cewa lafiya tana cikin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke yin hasararsu. Da lafiya ake tsayuwa a sahu, da ita ake azumi, da ita ake ɗawafi, da ita ake nema wa iyali halal. Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki, ya ga dattijon da ke sahun farko shekara talatin ya koma sai an yi masa alwala an juya shi, ya san abin da muke faɗi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa abin da ya same su ya zama kaffara, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar jikinmu da ta iyalanmu, ya sa mu ji mu yi aiki da abin da muka ji, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.